Ƙullutun Kyanwar Uwarku

Zuwa ga babban ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da jikokina. Ya aiki, ya gajiya? Ni da sauƙi, in ban da gwiwa.

Ban yi makaranta ba, amma ni ba kututture ba ne. Shekara da shekaru kuna yanke shawara a gidana ba da ni ba, sai dai in wayi gari in ga aiki. Rediyona an ce za a kai a duba, har yau ana dubawa. Keken ɗinkina ma haka, wai ya yi mini nauyi, sai ka ce a ka nake ɗaukarsa.

Yanzu kun juyo kan kyanwar marigayiya uwarku. E, ta tsufa, ni ma na tsufa. E, akwai ƙullutu a ƙasan cikinta. Ni na fara jin sa da yatsa tana kwance a cinyata, bai fi maɓallin riga ba. Tun da na nuna wa ƙanwarka auta take waya da kai a ɗakin girki, in na shigo ta koma zancen tsadar gas. Jiya na ga kwali a bayan ƙofa, an huhhuda murfinsa. Na tambaya, wai na takalma ne. Yaushe takalmi ya fara numfashi?

Ta ce likitan dabbobi zai duba ne kawai. To, mai wanki na ƙasan bene ya gaya mini likitocin nan suna da wata allura, a yi wa dabba ta yi barcin da ba tashi. Karen maigidansa da ƙafarsa ya shiga, a buhu aka fito da shi. Kyanwar nan ina gasa mata wurin da ruwan ɗumi, tana cin abincinta, tana hawa taga. A ƙyale mu.

Ka gaishe da yara.
Mahaifinka.

Ɗana,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ka karanta takardata, sai ka kira auta maimakon ni. Na ji ku.

Ƙullutun ya kai maɓallin kwat, ya yi tauri, ko na tura shi ba ya motsi. Wani ƙarami ya fito a gefensa. Ta yi ta lasa har wurin ya fashe, yana wari. Ta daina hawa taga, na ajiye mata kifi ta kau da kai. Ruwan ɗumi ya gaza, ba sai an gaya mini ba.

Zan kai ta. Amma a hannuna, cikin zanen uwarku, kwalinku ku zuba takalma. Kuma ba mai rufe ƙofa ya bar ni a benci. Na taɓa zaman irin bencin nan a asibiti, ranar da kuka kai uwarku a duba abin da ya fito mata a hammata. Ta gilashi nake kallonku, likita na magana kana gyaɗa kai. Ka fito ka ce mini ƙurji ne, mu tafi gida. Na yi ta gasa mata shi, ina yi mata faɗa don ta ƙi cin abinci. Da na san tafiya take yi, wallahi da ban ɗaga mata murya ba.

Saboda haka likitan nan ni zai kalla, da yaren da nake ji zai yi magana. In yankewa ne, a ce yankewa. In babu magani, a ce babu, in riƙe kanta da hannuna a yi abin da za a yi. Wannan na iya ɗauka.

Kai kuma, kafin mu je, ina son amsa a rubuce. Me likitan uwarku ya gaya maka a ɗakin nan? Ita ta sani? Ita ta ce ku ɓoye mini, ko ku kuka ga tsohon tela ba zai gane ba? Kada ka kira auta. Ni na tambaye ka.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifinka.