A Kunna Shirina Kafin a Kayar da Ni

Zuwa ga Shugaban Sashen Kimiyyar Kwamfuta na kwalejinmu da ke Kafanchan.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ce Rifkatu, malamar firamare daga Fadan Kaje, wadda ke aji na ƙarshe da hutun karatu. An ba ni sifili a aikin kammalawa, amma wallahi murna ta fi ɓacin rai yawa a zuciyata, domin shirin kwamfutar da na rubuta yana aiki!

Na farko, ga abin da ya faru. An ce mu rubuta shirin da zai buɗe fayil a tsohuwar manhajar DOS. Shiri ba ya taɓa fayil da kansa, sai ya roƙi manhaja ta buɗe masa, roƙon nan shi ake cewa sistem kol, wato kira. Takardar darasinmu, wadda aka yi ta kwafa har rubutunta ya dushe, tana koyar da tsohon kira. Shi kuwa sai ka cika masa dogon fom, kuma ba ya karɓar sunan folda, wato jakar da ake tara fayiloli a ciki, domin ya girmi folda.

Na biyu, ban tsaya a takarda ba. Baba Okoro, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da muke coci ɗaya, yana da kwamfutar zamanin da, a lulluɓe da zanin matarsa. Na gwada tsohon kiran a kanta, na ba shi sunan fayil tare da foldarsa, ya ƙi sam. A cikin littafin da ya zo da injin na gano cewa masu manhajar da kansu sun kawo sabon kira tun tuni: ka faɗi inda fayil yake, a miƙo maka lamba, kamar katin asibiti, da ita za ka riƙa karatu da rubutu. Na bi shirina layi-layi na cire tsofaffin kiraye-kiraye, na sa sababbi. Da na danna, fayil ya buɗe. Na yi tsalle har na ture kujera, Baba Okoro ya ce bai ga irin rawar nan ba tun bikin 'yarsa.

Na uku, nan ne kukana. A sashenmu a kan takarda ake duba shiri, da jan biro. Malamin da ya duba nawa ya jera shi da takardar amsa, duk layin da ya bambanta ya soke. Ba a kunna shi ba ko sau ɗaya. Na je ofishinsa, ya ce abin da aka koyar shi za a rubuta. Idan sifilin nan ya tabbata zan maimaita shekara, kuma ba za a ƙara mini hutu ba. Sai dai in zaɓa tsakanin aikina da shaidar karatuna.

Roƙona biyu ne. A ƙara sabon kiran a darasi, a bar tsohon don tarihi. Sannan ka ba ni minti goma kafin a miƙa sakamako. Baba Okoro ya yarda in ɗauko kwamfutar a Keke Napep har ofishinka. Kai za ka danna da yatsanka. Idan fayil bai buɗe ba, ni da kaina zan sa hannu a ƙarƙashin sifilin.

Ubangiji ya ƙara maka hikima da lafiya, ya albarkaci sashenmu.

Wassalam.
Ɗalibarka, Rifkatu.