Rigar Layun Mika'ilu

Wuro Hausa, Yola

Baba Malam Hosea,

Ina gaisuwa, kai da Mama Kezia. Tsohuwar ɗalibarka ce, Adawiyya, matar marigayi Mika'ilu maharbi. Shekarar da maharba suka je ƙwato Mubi daga hannun 'yan ta'adda, jarida ta rubuta cewa mijina "succumbed" a asibiti. Kalmar tana cina har yau. Zagi ne?

'Yarka, Adawiyya

Damilu, Jimeta

'Yata Adawiyya,

Mun amsa gaisuwa. Ba zagi ba ne. Asalinta Latin ne: "sub", ƙarƙashi, da "cumbere", kwanciya. Wato mutum ya kwanta ƙarƙashin abin da ya fi ƙarfinsa, ciwo ko abokin gāba. Kowa zai yi wata rana. Amma na san halinki tun kina aji. Me ya taso da maganar yanzu?

Malaminki, Hosea

Baba Malam,

Barka da hutawa. Badamasi ne ya taso da ita, aminin Mika'ilu da suka tafi tare. Shi ya rantse mini cewa rigar layun Mika'ilu ta ɓata a daji. Jiya na gan ta a jikinsa, yana gwaji, domin ranar Asabar za a naɗa shi shugaban maharban unguwa. Ni na ɗinka layun nan, da koren zare, don baƙin ya ƙare mini. Na matsa wa direban da ya kwaso su zuwa asibiti, ya ce yana gani Badamasi ya tuɓe wa mijina ita yana nishi, ya sa a jikinsa, wai kada harsashi ya same shi a hanya. Wallahi na tsane shi. Zan je naɗin.

'Yarka

Adawiyya,

Allah Ya ba ki haƙuri. Wurin maza ne masu bindiga, kuma kina da yara. Ki bar wa Allah, ina roƙonki.

Hosea

Baba Malam,

Ka gafarce ni, na je. Ana tsakiyar kirari na shiga fili na ce, "Badamasi, ba ni rigar mijina." Ya ce tasa ce. Na ce a duba, da koren zare na ɗinka layun. Tsoffin maharba suka juya layun ɗaya bayan ɗaya, duk kore. Ba wanda ya ɗaga murya. Suka ce ya durƙusa, ni na cire masa ita ta ka, aka naɗe rawanin aka mayar cikin jaka.

Yanzu na gane kalmarka, na ga mai yin ta da idona. A gaida Mama.

Adawiyya