Rigar da Na Ɗinka wa Juliyan

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajiya Zainabu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mini, ina roƙon Allah ya haskaka makwancinki. Mu nan Bron, gefen Lyon, lafiya lau muke, jikarki Mariama har ta fi ni tsawo.

Inna, kwanakin nan da na ɗan kishingiɗa bayan Azahar sai in gan ki. Kullum a shagonki na unguwar Goutte d'Or a Paris, ɗan tsukukun nan da ke tsakanin mahauci da mai sayar da katin waya. Alli a bayan kunnenki, tururin guga yana tashi daga shadda, ƙarar keken ɗinkinki tana haɗuwa da ta jirgin ƙasan da ke wucewa a kan gada ta sama. Sai in buɗe baki zan yi miki wata tambaya, sai in farka.

Shi ya sa na ce bari in rubuta.

Kin tuna Juliyan? Ma'aikacin jinyar nan dogo, wanda ya kula da ke a asibiti lokacin da muka ɗauko ki daga Paris zuwa Lyon a ciwonki na ƙarshe. Shi ya ja gadonki ya fuskanci alƙibla ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Shi ya koyi cewa "sannu Inna" da bakinsa na Bafaranshe, kina dariya har tari ya sarƙe ki. Kina ce masa ɗanki Bature. Ranar da kika cika, ya tsaya a bakin ƙofa ya hana kowa shiga sai da muka gama addu'a.

Shekaru sun wuce ban sake ganinsa ba. Sai shekarar da aka yi dokar da ta yarda namiji ya auri namiji a ƙasar nan. Titunan Lyon suka cika da masu zanga-zanga, waɗansu na so, waɗansu ba sa so, ni kuwa ina kallonsu ta gilashin taram, jirgin ƙasan nan na cikin gari, kamar abin da bai shafe ni ba.

Wata safiya mai hazo aka turo ƙofar shagona. Juliyan ne, furfura ta fara fito masa, tare da wani gajere mai kunya, wai shi Toma. Juliyan ya rungume ƙunshin farar shadda kamar jariri. Ya ce za su ɗaura aure a ofishin magajin gari, suna son riguna biyu iri ɗaya, da aikin surfani a wuya. Ya ce, "Inna ta taɓa gaya mini hannunki ya fi nata."

Inna, ban san kin taɓa faɗin haka ba. Ni ba ki taɓa gaya mini ba.

Na ce su ba ni kwana uku. Na kira Yaya Sani a Sevran, kusa da Paris. Ya ce, "Ke dai ki ce aiki ya yi miki yawa. In kin ƙi a fili, kotu ce za ta kira ki. A Amurka ne ake rigimar dokar da za ta bar mai sana'a ya ƙi saboda addininsa, nan ba haka ba ne." Na ajiye waya. Doka ta ce in ɗinka. Abin da na taso a kai ya ce wannan aure ba aure ba ne. Yaya kuma ya ce in yi ƙarya, ga mutumin da ya goge miki baki da hannunsa.

Kwana ukun nan ban yanka ko ƙyalle ba. Nakan je bakin kogi in zauna, ina kallon hazo yana haɗiye gadoji ɗaya bayan ɗaya.

Da Juliyan ya dawo shi kaɗai, na faɗa masa gaskiya. Na ce addinina bai yarda da abin da za su yi ba, zuciyata ba za ta iya ɗinka kayan bikin ba. Na ce na san yana da ikon kai ni ƙara, ba kuma zan musa ba. Ya daɗe yana kallon almakashinki da ke rataye a bango. Sai ya ce, "Ba don doka na zo wurinki ba, Rabi." Ya ɗauki shaddarsa ya fita, ya ja ƙofar a hankali. Ban taɓa jin ƙarar da ta yi mini ciwo kamar wannan rashin ƙarar ba.

Takardar kotu ba ta taɓa zuwa ba.

Bayan wata biyu na ciro shuɗiyar shaddar nan da kika ajiye a akwatinki ba ki samu ɗinkawa ba. Na auna Juliyan da ido daga abin da na tuna, na ɗinka riga ɗaya, ba ta biki ba, ta godiya. Na kai asibitin na bar masa, ban sa wasiƙa a ciki ba. Bai kira ni ba.

A bazarar bara, cikin taram, na hangi shuɗin nan naki a tsakiyar mutane. Na ɗauka ke ce. Ashe Toma ne sanye da rigar, ta sauko masa har ƙasa, hannayen sun rufe masa yatsu. Ya gane ni, ya sunkuyar da kai. Ni kuwa ban san lokacin da na isa gabansa ba. Na kama hannun rigar na naɗe masa sau biyu, na ce ya kawo in rage. Ya ce Juliyan zai ji daɗi. Ya sauka a tasha ta gaba.

Har yau bai kawo ba, Inna. Ra'ayina game da auren bai sauya ba, amma duk lokacin da aka turo ƙofa sai na ɗaga kai da sauri. Da ke ce a shagon ranar nan, me za ki yi? Na rasa wanda zan tambaya wanda ya san Allah ya kuma san Juliyan, in ba ke ba.

Allah ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki. Idan na yi daidai ya karɓa, idan na cuci bawansa ya yafe mini. Ya saka wa wanda ya yi jinyarki da alheri, ya shirye mu baki ɗaya.

Taki har kullum,
'yarki Rabi