Tutar Gawa a Ƙofar Garejina

Mursalih bin Naimin,
Garejin Mursalih, Layin Kenanga,
Bekasi.
9 ga Maris, 2026.

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Kare Haƙƙin 'Yan Kasuwa,
Bekasi.

Ranka ya daɗe,

Game da: Kamfanin talla na Jejak Cahaya da sanarwar mutuwata

Bayan gaisuwa da fatan ana shan ruwa lafiya, ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Ni bakanike ne, a wannan layin na yi furfura. Da mutane suka daina tambayar maƙwabta inda za su kai gyara, sai manhajar nan ta waya mai amsa tambaya, na ɗauki kamfanin nan domin ya sa manhajar ta riƙa ambaton garejina.

2. Ranar 12 ga Janairu na lura an sa ta tana cewa ina gyaran mota mai lantarki. Wallahi ban taɓa buɗe cikin ko guda ba. Na ce a cire, domin birkin mutum ba abin wasa ba ne, kuma na soke yarjejeniyar. Wakilinsu, Dodik, ya yi murmushi ya ce wanda manhajar ta binne ba ya tashi.

3. Tun 2 ga Fabrairu, duk wanda ya tambaye ta sai ta ce mai garejin ya rasu, an rufe. Hujjarta wani hoto ne da Dodik ya ɗauka ranar da maƙwabcina ya rasu, ga tutar rawaya ta gawa, wadda muke ɗaurawa idan an yi rasuwa, ɗaure a bakin layinmu. Yayata ta bugo daga ƙauye tana kuka, da na ɗaga ta ji muryata, sai ta yar da wayar.

4. Ga tafiyar Sallah ta matso, lokacin da kowa ke kawo mota a duba kafin ya kama hanyar garinsu. Da aikin nan nake ciyar da gidana shekara guda. Amma bana babu mai shiga ramin gyarana sai kyanwa.

5. Ranar Juma'a, 6 ga Maris, na dawo daga masallaci na tarar da sabuwar tutar rawaya, wannan karon a ƙofar garejina. Babu wanda ya mutu a layinmu. Ba zan ɓoye ba, ranka ya daɗe, ina jin tsoro.

Ina roƙon a kira kamfanin, a tilasta masa janye ƙaryar, a kuma binciki wanda ya ɗaura tutar. A taimaka a hanzarta, kafin maganar manhajar ta zama gaskiya.

Na bar tutar inda take, ko za a turo mai dubawa.

Naka cikin ladabi, wanda yake raye zuwa yau,

Mursalih bin Naimin