Saƙon da Ƙafa ta Aika wa Cinya

Assalamu alaikum Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya jikin Baba, yaya Hussaina da mutanen Barkiya? Ni lafiya lau, sai sanyin Jamus da kewar daddawarki. In an sami mai zuwa, a aiko mani.

Albishirinki. Kin tuna ranar da kututturen gero ya yanke ni a ƙafa, kaluluwa ta fito mani a cinya? Na tambaye ki abin da ya haɗa su, kika ce ƙafa ce ta aika saƙo. To, shi nake bincike a kai. Ƙwayoyin jinin da ke fara isa ga rauni su ne ke mutuwa su zama mugunya. Amma kafin su mutu sukan zaburar da wasu ƙwayoyi masu rassa, su kuma su kai labarin cutar zuwa kaluluwa, inda jiki ke horar da mayaƙan da za su gane ta ko bayan shekaru.

Wata tara gwajin yana ƙin fitowa, har an fara zancen katse mani karatu. Na ɓoye maki, ki yafe ni. Jiya ya fito, alhamdulillahi. Malamina ya tambayi inda na samo tunanin, na ce wajen wata malama a Barkiya ta ƙasar Kurfi. Ya ce a wace jami'a take? Na ce a tsakar gidanmu.

Allah ya ƙara maki lafiya.

'Yarki,
Lauratu