Sunan Yayana Ne a Katin, Ni Na Hau Kujerar

Daga admin: wani dattijo ne ya turo wannan da murya, ya roƙi a rubuta a ɓoye sunansa. Na rubuta yadda ya faɗa.

Assalamu alaikum jama'ar wannan gurup, manya da yara, da fatan kun wuni lafiya, ya iyali, ya haƙuri da zamani. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon maganar, tsoho in ya fara ba ya sanin birki. Shekaruna sun kusa casa'in, ni maƙerin fari ne daga ƙasar Ikara, wato mu ne masu zubin tagulla, ba masu ƙera fartanya ba. Abin da zan faɗa ko matata har ta rasu ba ta sani ba, kuma wallahi yanzu ma da nake magana cikin waya ni kaɗai a ɗaki kunya nake ji.

Zamanin Turawa, gab da a ba mu mulkin kai, mahaifinmu ya rasu ya bar mu mu biyu a maƙera, ni da yayana, zan riƙa ce masa Yaya kawai. Wanda bai san zubi ba bari in gaya masa, aikin kashi biyu ne. Akwai mai siffanta abu da kakin zuma, ya fitar da kowane zane da ɗan tsinke, sannan a lulluɓe da yumɓu da aka kwaɓa da kashin jaki, a shanya, a gasa, kakin ya narke ya tsiyaye ya bar gurbinsa. Akwai kuma mai narka tagulla ya zuba a gurbin, in ta huce a fasa yumɓun, a goge da magagari, a wanke da ruwan tsamiya. Yaya ne mai kaki, ni ne mai wuta. Ni zuba na iya, ban taɓa zubawa ya yi rami ba, amma in ka ba ni kaki ka ce in yi maka kaza, abin da zai fito ko ungulu ba za ta yarda danginta ne ba. Abin da na fi Yaya da shi guda ɗaya ne, na shiga ajin yaƙi da jahilci na iya haɗa baƙin boko, shi kuwa allo kawai ya yi.

To a shekarar sai masu majigi suka zo suka ɗauki wani fim na noman auduga a wajen Makarfi, manoman wurin ne suka fito a ciki. Baturen da ya kawo su ya ce in an zo nuna fim ɗin za a ba da kyautar kofi ga wanda ya fi iya wasa a cikinsu, kuma ba ya son na kanti, na ƙasa yake so. Malamin gona ya kawo aikin maƙerarmu. Yaya ya yi kwana tara a kan kakin nan, ko kasuwa bai je ba. Ya yi kofi mai hannu biyu, kowane hannu siffar galma, a kan murfin kuma auduga ce ta fashe, har zare-zarenta kana gani. Ni na zuba, ya fito lafiya lau, malamin gona ya tambayi wanda ya siffanta, ya rubuta sunan Yaya a ɗan littafinsa ya tafi da kofi.

Ana saura kwana biyu a nuna fim sai ga masinja a kan keke da katin gayyata. Ku yaran yanzu ba za ku gane ba, majigi kowa na zuwa, sankira ne ke shela a taru a fili a zauna a ƙasa, amma kujerun gaba kusa da Hakimi da Di'o, Baturen mulki, sai mai kati, kuma a garinmu ba a taɓa kawo wa talaka ba. Yaya ya tafi sayen gawayi, ni na karɓa. Na karanta, sunan Yaya ne ɓaro-ɓaro. Da ya dawo na nuna masa, ya juya katin sama da ƙasa yana murmushi, ya ce in karanta masa. Ban san lokacin da bakina ya faɗi sunana ba. Na ƙara da cewa wai Bature ya ce wanda ya iya boko yake so, saboda za a sa hannu a takarda. Ba wanda ya tilasta ni, ba yunwa nake ji ba, kwaɗayin kujera ne kawai da son a gan ni. Yaya ya ce to madalla, ai duk gida ne, har rigarsa ta Sallah ya ara mini.

Na je Makarfi na zauna a kujera ina ta kumbura kamar an naɗa ni sarauta. Bayan magariba aka nuna fim, aka ba wani manomi ɗan Nasarawan Doya kofin, shi ne ya fito a matsayin malalacin manomi ya sa mutane suka yi ta dariya har da hawaye. Sai tafinta ya ce a lasifika maƙerin da ya yi wannan kofi ya taso. Na tashi, Bature ya ba ni hannu, aka tafa. Ina juyowa, can bayan taro kusa da motar majigi, na hango Yaya a tsaye da tsohuwar taguwarsa, ashe a ƙafa ya biyo ayarin 'yan garinmu don ya ga kofinsa a hasken lantarki. Shi ma tafi yake yi.

Bayan mako guda ya haɗu da masinjan nan a kasuwa, masinja ya tambaye shi me ya hana shi zuwa bayan an kai masa kati da sunansa. Ya dawo ya same ni ina zuga wuta, ya tsaya a kaina ya ce, "Da ka ce mini kujerar kake so, ai da na bar maka da hannuna." Na buɗe baki zan yi magana, ya ce in bar ta, kada in ƙara tayar da ita har abada, ya zauna ya ɗauki kakinsa. Ni kuma, maimakon in durƙusa in ba shi haƙuri, sai na ji daɗi da ya rufe maganar, na bar ta a rufe.

Daga nan duk aikin En'e, wato hukumar gargajiya, kofin wasan makarantu, kofin nunin amfanin gona, sunana ake nema. Yaya ya yi kaki a ƙuryar maƙera, ni in zuba in saka babbar riga in kai ofis. Ban taɓa tauye masa rabonsa ba, Allah ne shaida, amma suna na ci, kuma da aka tashi naɗa Sarkin Maƙera ni aka naɗa ina ƙane, don ni hukuma ta sani. Shi ya fara zuwa yi mini mubaya'a. Ya rasu shekaru da yawa yanzu, lokacin jinyarsa ina zaune a kansa, ina ta cewa in ya ɗan ji sauƙi zan roƙe shi gafara, bai ji sauƙin ba.

Abin da ya tono maganar shi ne, jikan manomin nan da aka ba kofi yanzu daraktan fim ne, kofin yana gidansu. Shi da abokansa suna shirya bikin karrama 'yan fim na yankinmu, suka ce siffar kofin kakansa za su ɗauka. Sun kai shi birni an ɗauki gurbinsa da roba, an zuba guda goma sha biyu, an yi musu ruwan gwal, an manna ɗan faranti a gindin kowanne, kuma sunana ne a farantin, wai kyautar tunawa da gwanin da ya fara yin kofin fim a ƙasar nan. Bikin a birni za a yi, amma za a haska shi a nan Ikara a gidan kallo, da kanofi da kujeru da lemo, an buga kati mai hotona an kawo mini ashirin in raba wa dangi. Jikana da ke zaune da ni ya sa hoton a waya duniya ta gani, yana ta tsokanata wai tsoho ya zama silebriti, sai ya nemo mini amarya.

Shekaranjiya 'yar Yaya ta zo daga Hunkuyi, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa, ita ma ta yi jikoki. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta karɓi katinta tana shafa shi, ta ce, "Baba, da Babanmu yana raye da ya yi murna. Shi ma ai ya ɗan riƙa taya ka aiki a maƙera, ko?" Na ce mata e. Jama'a, e na ce. Ashe ko 'ya'yansa bai gaya wa ba, ya rufa mini asiri har kabari, ni kuma na zauna ina jin 'yarsa na kiran sa ɗan taya aiki. Da ta tafi ko tuwo ban iya ci ba.

Ranar Asabar mai zuwa daraktan zai zo da kamara da kakin zuma, yana so a ɗauke ni ina nuna yadda na siffanta audugar nan, a haska kafin a fara rabon kyauta. Hanyar tsira a buɗe take, in ce hannu ya tsufa yana rawa, kowa zai yarda, a yi biki a watse in mutu da sunana. In kuma na faɗi gaskiya, an riga an buga kati, an manna faranti, yaron nan darakta ya yarda da ni zan kunyata shi gaban abokansa, jikokina za su shiga gari ana nuna su, ga rawanin da ke kaina wanda asalinsa ba nawa ba ne. Wata zuciyar kuma tana ce mini ai Yaya da kansa ya ce kada in ƙara tayar da maganar, to amma ban sani ba, yafewa ce ya yi, ko kuwa barina ya yi da Allah?

Don Allah malamai da masu hankali na cikinku ku gaya mini. In kira 'yarsa ita kaɗai in faɗa mata a ɗaki, ko hakan bai isa ba tunda a gaban taro na ɗauka? In faɗa wa daraktan kafin Asabar a cire farantin, ko in bari a kunna kamarar in faɗa da bakina kowa ya ji? Wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta, amma ya haɗa da shawara. Mai haƙƙin ya riga ni tafiya, kuma a shekaruna na san ba da daɗewa ba zan same shi, ban san da wace fuska zan gaishe shi ba.