Kumburin da Muka Ɗauka Ƙiba Ce

Jikana Sanusi,

Gaisuwa mai yawa. Yaya aiki, yaya iyali? Mu a Tambuwal sai godiya.

Albishirinka, ƙodar kakarka ta warke. Allurar ciwon dajin nan, mai zaburar da garkuwar jiki, ita ta taɓa ƙodar. Da ƙafafunta suka kumbura murna muka yi, wai ƙiba ta dawo. Ashe fitsarinta ya ragu, kunya ta hana ta gaya wa likita, don sa'an ɗanta ne. Gwajin jini a Sakkwato ya tona asirin, likitoci suka dakatar da allurar, suka ba ta magani.

Jiya takalmin da ka aiko ya shige ta. Ta ce a gode wa angonta na Legas. Ko kishi ban yi ba.

Saura dajin, ku dage da addu'a. Gai da yara.

Kakanka, Bello